Saura mako shida a buɗe baje kolina, ciwon cikina kuma bai bar ni ba

Anti, barka da aiki. Shekaruna 34. Tun ina yaro nake zane, amma sai bana wani zauren baje kolin zane-zane ya ba ni ɗaki ni kaɗai. Saura mako shida a buɗe. Mun yi da mai zauren zan kawo zane 18, na gama 14.

Damuwata ita ce ina fama da kumburin fankiriyas. Shekara biyu da suka wuce ya fara kayar da ni, aka ce tsakuwar matsarmama ce, aka yi mini aiki aka cire matsarmamar. Duk da haka an sake kwantar da ni sau biyu, kuma tsakanin kwanciya da kwanciya ciwon yana motsawa, wani lokaci yini guda, wani lokaci kwana uku. Likita ya ce da alama yana neman zaunawa. Na rame. Ba na shan giya, amma ina zuƙar sigari idan hankalina ya tashi.

Tun da aka sa rana barci ya ƙaurace mini. Da cikina ya ɗan murɗa sai gabana ya faɗi. Ban gaya wa mai zauren komai ba, ina tsoron ya ba wani ɗakin. Dabarar da na yanke ita ce kwana biyu kafin buɗewa ba zan ci komai ba sai ruwa, ranar kuma in sha maganin ciwo mai ƙarfi tun kafin in fita. Matata ta ce in fasa. Abokina ya ce damuwa ce kawai ke tayar mini da shi, in cire abin a raina. Ban da ciwon kuma ina tsoron idon mutane. Biyar daga cikin zanen a gadon asibiti na fara su, duhu ya yi musu yawa, ina jin kamar tsirara za a tsayar da ni a gaban jama'a. Me zan yi?

Mai zane cikin zullumi

Ƙanena,

Bari in fara da dabarar nan taka ta zama da yunwa, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙar. Ka ajiye ta. Na san inda ka samo ta: kowace kwanciya da ka yi, an hana ka abinci na ɗan lokaci an sa maka ƙarin ruwa, sai ƙwaƙwalwarka ta riƙe cewa cikin da babu komai shi ne cikin da ke zaman lafiya. To, a asibiti jijiyarka na karɓar ruwa da gishirin jiki, kuma akwai mai duba suganka. Ko a can ɗin ma an daina dogon hani. Tun 2018 ƙungiyar likitocin ciki da hanji ta Amurka ta ce a fara ba mai wannan ciwo abinci cikin sa'a 24 idan cikinsa zai karɓa. Kai kuma, mutumin da ya riga ya rame, kana so ka kwana biyu da yunwa, ka tsaya a kan ƙafafunka sa'a biyu ko uku a ɗaki cike da mutane, da ƙwaya mai ƙarfi a cikin da babu komai. Idan irin su tramadol ne, jiri da tashin zuciya da gyangyaɗi za su raka ka. Idan irin su ibuprofen ko diclofenac ne, suna cin bangon tumbi, suna kuma wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe. Mutumin da ya kwana biyu bai ci ba kuma, da an watse zai zauna ya cika ciki da abin da ya samu, wanda shi ne ainihin abin da fankiriyas ɗinka ba ta so. Da hannunka za ka gayyato abin da kake gudu.

Masu karatu da yawa za su ce wace ce kuma fankiriyas. Wasu na ce mata saifa, amma saifa daban take, tana can gefen hagu da nata aikin. Fankiriyas doguwar tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a bayan tumbi dab da ƙashin baya. Shi ya sa ciwonta ke ratsawa ya fito ta gadon baya, kuma mai shi ke samun sauƙi idan ya zauna ya sunkuya gaba. Aiki biyu take yi. Tana zuba wa hanji ruwan narkar da abinci, fiye da lita ɗaya a yini, tana kuma samar da insulin mai daidaita suga. Sinadaran narkarwar an tsara su ne su farka bayan sun isa hanji. Idan suka farka tun suna gida, sai su fara cin gidan. Kumburin ke nan.

Abokinka ya faɗi rabin gaskiya, rabin da ya bari kuma shi ne babba. Abubuwan da aka sani suna kumbura fankiriyas suna da sunaye: tsakuwar matsarmama da giya su ne kan gaba, sai yawan kitse a jini, yawan kalsiyam, wasu magunguna, gadon iyali, da bututun fankiriyas ɗin da aka haifi mutum da shi a rabe. Fargabar baje koli ba ta cikinsu. Sai dai damuwa na ƙara wa ciwo murya. Wanda bai yi barci ba kuma yake kasa kunne ga cikinsa dare da rana, murɗawar da jiya bai kula da ita ba yau sai ta zame masa ƙararrawa. Damuwa kuma ita ce ke sa ka tsallake abinci, ka manta ruwa, ka miƙa hannu ga sigari. Ka ga ke nan tana da hannu, amma ta bayan gida take shigowa. Ka gaya wa abokin naka cewa ciwon da ke nuna kansa a gwajin jini da hoton ciki ba a cire shi da cewa a cire shi a rai.

Sigarin nan da ka ambata a gurguje, kamar mai wucewa ta gefen rami, ba ƙaramin abu ba ne. Mutane sun san giya da fankiriyas ba sa ga maciji, amma kaɗan ne suka san taba ma tana hanzarta lalacewarta, tana kai mai yawan kwanciya irinka zuwa ciwo mai zama, tana kuma ƙara haɗarin sankararta. A duk abin da ke hannunka, babu wanda ya kai barin ta amfani. Na san cewa mutum ya bar taba a makonni shida mafi tashin hankali a rayuwarsa magana ce mai sauƙi a baki. Shi ya sa nake cewa ka kai wa likita maganar, akwai cingam da manne na nikotin da wasu magunguna da ke rage ƙishinta.

Ka ga likitan a wannan makon, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka faɗa masa ranar buɗewar ƙarara, ka ce kana son tsari a rubuce: me zan sha idan ciwon ya fara, nawa, sau nawa, kuma a wane mataki zan bar komai in taho asibiti. Duk maganin da zai canza maka, a gwada shi yanzu, jikinka ya saba da shi tun da sauran lokaci. Ka kuma tambaye shi abin da ya sa ciwon ke dawowa bayan an cire matsarmama. Tsakuwa na iya maƙalewa a bututun da ke kai ruwan matsarmama hanji ko bayan aiki, akwai hoton MRI na musamman da ke nuna bututun, akwai kuma na'urar da ake zurawa ta baki a duba daga ciki. A auna kitsen jininka da kalsiyam, a duba jerin magungunan da kake sha.

Ramar kuma ka ɗauke ta da muhimmanci. Kada ka ji kunyar kwatanta masa bayan gidanka. Idan yana fitowa fari-fari, da maiƙo, da wari fiye da kima, yana yawo a kan ruwa, alama ce cewa abincin na wucewa bai narke ba. Akwai ƙwayoyin da ke maye gurbin sinadaran narkarwa, irin su Creon, ana haɗiyarsu tare da loma ta farko, ba a jira sai an gama ci. Mutane da yawa da suka fara shan su sun dawo da ƙiba da ƙarfinsu. Jikin da ba ya narkar da maiƙo kuma yana rasa bitamin A, D, E da K, ƙashi na yin rauni a ɓoye. A duba suganka ma, domin ciwon na iya taɓa ɓangaren insulin. Abinci kuwa, ƙanana sau biyar ko shida a yini sun fi manya biyu, ka rage soye-soye da kitse, amma kada ka kori maiƙo kaf da kanka ba tare da mai ilimin abinci ya duba ka ba. Ramamme ba ya buƙatar ƙarin rama.

Yanzu ga matarka. Ita ce ta zauna a bakin gadonka sau uku, ita ta ga fuskarka lokacin da kai ba ka ganin komai. Idan ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, tsoro ne ke magana, kuma tsoron yana da dalili. Amma ban goyi bayan fasawa ba. Ku biyun kun haɗu a kan kuskure ɗaya, kuna ganin baje kolin da jikinka abu guda ne, idan ɗaya ya faɗi ɗayan ya faɗi. Zanen da aka rataye a bango ba ya jin ciwon ciki. Zai tsaya a wurin makonni, ana buɗe ƙofa da safe ana rufewa da yamma, ko kana nan ko kana kwance. Abin da ke buƙatar ƙafafunka sa'o'i biyu ne ko uku na daren farko. Aikinka a makonnin nan shi ne ka shirya abin yadda zai buɗe ko babu kai. Ranar da ka tabbata zai buɗe ko babu kai, ranar barcinka zai fara dawowa, kuma ka fi kusa da halarta.

Wannan ba zai yiwu ba sai mai zauren ya sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba sai ka karanta masa tarihin asibitinka ba. Ka ce masa kana da ciwon ciki mai tasowa ba sanarwa, mafi yawan kwanaki lafiyarka lau, amma kana so ku yi shiri don ranar da ba haka ba. Sannan ka zo masa da shirin a hannu, domin mai kasuwa ya fi son matsalar da ta zo da maganinta. Ka kai zanen mako guda kafin lokaci. Ka zana masa taswirar bango, wanne zai bi wanne, a wane tsayi. Sunaye da farashi da ɗan bayanin aikin duk su kasance a rubuce. Ka zaɓi mutum ɗaya, matarka ko abokin nan, wanda zai karanta gajeren jawabinka idan ba ka zo ba. A sa wata rana ta biyu cikin kwanakin baje kolin wadda za ka zauna da masu kallo, don kada komai ya rataya a wuyan dare ɗaya. Kana tsoron ya ba wani ɗakin. Ni a ganina mutumin da ya riga ya buga sanarwa da sunanka ya fi tsoron wayar da za a yi masa daga asibiti ana saura sa'a uku, bai san komai ba. Idan kuma ya ji wannan ya janye, ka gode da ka san halinsa kafin ka bar masa zanenka da kuɗin cinikinka.

Da zarar an ji labarinka wani zai kawo maka zancen shahararriyar mai zane Frida Kahlo, don haka bari in riga shi. A watan Afrilun 1953 aka buɗe baje kolinta na farko ita kaɗai a ƙasarta Meziko, likitoci sun hana ta tashi daga gado. Sai aka kai gadon nata cikin zauren, ita kuma ta iso a motar asibiti, aka kwantar da ita a tsakiyar baƙi. Ana ba da labarin ne don a ce jarumi ba ya fasawa. Ni abin da nake gani a ciki shi ne gadon. Ba ta ɓoye komai ba, ta sa an gyara ɗakin ya dace da jikinta, kuma sai da mutane suka yi ɗawainiyar ɗauko gado tun kafin ta zo. Kai kujera kawai kake buƙata, mai tsayi, a kusurwar da ke kusa da banɗaki da ƙofar fita. Sai dai kada ka kwaikwaye ta wajen ƙetare maganar likita. Nata ciwon na ƙashin baya ne da ƙafa. Fankiriyas idan ta tashi da gaske tana iya taɓa huhu da ƙoda cikin sa'o'i, ba a yi mata jarumta.

Zane huɗun da suka rage kuma, ka bar su. 14 sun isa ɗaki, bangon da ke da sarari ma ya fi daɗin kallo. Kwana kana fenti har asuba da warin man tsinka fenti a hanci, babu ci babu barci, shi ne hanya mafi kusa zuwa gadon asibiti. Idan hannunka na ƙaiƙayi, ka yi ƙanana a zaune. Mai zanen nan na Faransa Henri Matisse, bayan aikin cikin da aka yi masa a 1941, tsayuwa a gaban allo ta gagare shi, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi daga gado da keken guragu, masu taimaka masa na manna su inda ya nuna. Da yawa daga ayyukan da aka fi saninsa da su yau daga wannan zaman suka fito.

Ranar kanta, ka ci ɗan abinci mara nauyi wanda cikinka ya sani, sa'a biyu kafin fita, da ƙwayoyinka. Ka riƙe gorar ruwanka. A irin wannan taro ana zagayawa da giya da 'yan soye-soye, kuma wanda hannunsa ke riƙe da kofi ba a cika matsa masa ba. Ka yanke tun a gida cewa sa'a ɗaya za ka yi, abin da ya ƙaru riba ce. Wanda zai mayar da kai gida ya san alamar da za ka yi masa. A aljihunka kuma a sami takardar likita mai bayanin ciwonka da magungunanka, domin mai ciwon da ya daɗe wani lokaci gwajin jininsa ba ya hawa ko yana cikin tsananin ciwo, likitan da bai san shi ba sai ya ɗauka ba komai.

Akwai abin da nake so ka koya tun yanzu, wato bambanta muryoyin cikinka biyu. Fargaba ma a ciki take sauka: baki ya bushe, zuciya ta buga, hanji ya kaɗa, tafin hannu ya jiƙe. Amma tana zuwa tana tafiya, tana raguwa idan ka shagala da magana, tana lafawa idan ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja. Ciwon fankiriyas ba ruwansa da hira. Yana kafa ƙusa a saman ciki ya zauna, ya ratsa baya, ya ƙaru idan ka kwanta rigingine. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace motsawa a makonnin nan, me ka ci, yaya barcinka, ina ya kama, yaushe ya saki. Kafin ranar za ka san muryar kowanne. Idan kuma ciwon ya ƙi jin maganin da aka ba ka, ko amai ya hana ruwa zama, ko zazzaɓi ya shigo, ko idanunka suka yi ɗorawa, ko numfashi ya yi wuya, to babu lissafi, asibiti za ka, ko da mai jawabi ya riga ya ɗauki makirufo. Idan ka rasa gane wanne ne, shi ma asibiti.

Saura idon mutane. A nan ba ni da maganin da zai kawar da faɗuwar gaba, kuma ban taɓa jin mai zanen da ya rataye aikinsa karo na farko zuciyarsa na kwance ba. Abin da zan iya ba ka shi ne ma'auni. A wani bincike da aka yi a jami'ar Cornell aka buga a 2000, an sa ɗalibai rigar da suke jin kunyarta aka tura su cikin 'yan'uwansu. Sun zaci kusan rabin ɗakin sun lura, ashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. A babban gidan adana zane na Metropolitan da ke New York kuma an taɓa auna tsawon tsayuwar masu kallo a gaban shahararrun zane, aka samu daƙiƙa 27 a matsakaici. Wannan ga manyan da duniya ta sallama wa ke nan. Alƙalan da kake hangowa cikin dare, yawancinsu za su zo ne su gaisa da juna, su ɗauki hoto, su ce maka sannu da ƙoƙari. Wani zai taɓe baki, wannan ba makawa, kuma ba zai kashe ka ba. Ka tanadi jimla biyu a kan aikinka, ka maimaita su har su zauna a bakinka, sauran kuma ka mayar da tambaya: kai me ka gani a ciki? Mutane na son a tambaye su, kai kuma ka samu ka huta.

Zane biyar ɗin nan na asibiti, ban gan su ba, amma su ne kaɗai ka kwatanta mini a wasiƙarka, sauran tara ko launinsu ba ka faɗa ba. Kada ka cire su. Ka haɗa su a bango ɗaya. Tsiraicin da kake ji kai kaɗai ka san shi, domin kai ne ka san warin ɗakin da ƙarar na'urar da ke gefen gadon. Mai kallo duhu zai gani da ɗan hasken da ka bari, ya cika sauran da nasa daren. Ko ka rubuta a ƙarƙashinsu inda aka fara su, ko ka bar su da suna da shekara kawai, duka biyun daidai ne, kuma babu wanda ke bin ka bashin bayani.

Idan an watse za a ce a tafi cin abincin murna. Ka yi godiya ka wuce gida, ko ka je ka zauna da ruwanka. Washegari kada ka sa komai a jadawalinka sai barci. Bayan nan ka rubuto mini, ina so in ji wanne daga cikin biyar ɗin aka fi daɗewa a gabansa.

Antinka